Jiƙon Furen Bado

Haihuwata ta fari, ɗan bai zo da rai ba. A Goronyo muke zaune lokacin, maigidana yana noman albasa a ƙasan madatsar ruwa. Aka yi wa jaririn sutura aka kai shi, ni ko fuskarsa ban gani ba. Da aka sallame ni daga asibiti, iyayena suka aiko aka ɗauke ni zuwa Wurno in yi wankan jego a gida.

Jiki ya warke da wuri. Na sha magungunan da aka ba ni, na sha kunun kanwa, Baba ya yi mini rubutu na shanye. Amma ruwan nono ya zo babu mai sha, kuma tun daga nan bakina ya mutu. Masu gaisuwa su ce, "Allah shi sa mai ceto ne," in ce amin, in mayar da fuska bango. Har aka gama wanka ban fito tsakar gida da son raina ba.

Ana cikin haka yayar mahaifina ta zo daga Rabah. Gwaggo doguwar tsohuwa ce, ba ta da yawan magana. Ba ta ce mini in yi haƙuri ba. Wata safiya dai ta leƙo ɗakin da ƙwarya a hannu.

"Ɗiyata, ɗauko mayahinki, mu tahi hwadama."

"Mi za mu yi can, Gwaggo?"

"Hure za mu tsinko."

Kaka ce, ruwa bai janye ba. A wani tafki bayan gonakin shinkafa bado ya rufe ruwa, furanninsa farare sun buɗe. Ni abin da na sani game da bado shi ne 'ya'yansa da muke ci muna yara. Gwaggo ta tsaya a gaɓa ta ce ƙafafunta ba sa son sanyi, ni zan shiga. Na naɗe zane na shiga, taɓo yana kama mini idon sawu, na tsinko kaɗan na miƙa mata.

A gida ta zuba ruwan rijiya a ƙwaryar, ta yi bisimilla, ta jera furannin a kai, ta ajiye a rana bisa turmi. Ba tafasawa, ba dakawa. Da hantsi ya ɗaga ta tsame su ta ba ni ruwan. Kusan ba shi da ɗanɗano, sai ɗan ƙamshin danshi.

Haka muka riƙa yi kullum. A hanya muna gamuwa da masu korar tsuntsaye da matan da ke zuwa roro, dole in amsa gaisuwa. Wata rana da muka dawo na ce wa Inna ina jin yunwa. Ta juya baya tana zuba tuwo, na ga tana share ido da gefen zane.

Washegari a bakin tafki na tambayi Gwaggo inda ta samo wannan magani.

 Ta ce daga mahaifiyarta ne, wato kakata, wadda ban riska ba. Wata shekara baƙon dauro ya shigo Rabah ya ɗauke mata yara, ta zauna kamar yadda na zauna. Wata Bafillatana mai kawo musu nono ce ta ja ta zuwa ruwa. Ita kuma Bafillatanar ta ce a rugarsu an lura cewa saniyar da maraƙinta ya mutu takan ƙi ciyawa, ta shiga tafki tana cin furen bado, har ta koma cikin garke.

"To furen ne ke warkarwa?" na ce.

"Allah ka warkarwa. Ko huren na, ko tahiyar ta, ni ban sani ba. Na dai sha, sa'ad da nawa yat tahi."

Sai a ranar na san Gwaggo ta taɓa haihuwa. Duk tasowata ina jin ana cewa Allah bai ba ta ba.

Da na ji ƙarfi, maigidana ya zo ɗaukata. Yana shigowa gaida Inna na ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Shi ya riƙe gawar, shi ya sa ta a rami, washegari kuma ya koma ban ruwa, don albasa ba ta san makoki ba. Ban taɓa tunanin halin da yake ciki ba sai lokacin.

Gwaggo ta dube shi, ta ɗauko ƙwaryar daga kan turmi ta miƙa masa.

"Har ni, Gwaggo?"

"Ɗan ba naka ba ne?"

Ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Bai kai rabi ba kuka ya ƙwace masa. Inna ta shige ɗaki, Gwaggo ta juya tana gyara itace a murhu, aka bar mu mu biyu a tsakar gida.

Da la'asar muka hau mota zuwa Goronyo. Gwaggo ta koma Rabah washegari, kuma ba ta ga damina ta gaba ba. Allah ya jiƙanta. Na haifi 'ya'ya bayan haka, duk suna raye, babbar tana da nata.