Mushe Bukar Ya Rasu, Darasin Asabar Yana Nan

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe labari ya iske ni a Yamai: Mushe Bukar, malamin lissafinmu na lise, wato babbar sakandaren Gure, ya rasu.

An ce jiya ma ya shiga aji.

Ba zan ce mai sauƙin kai ne ba, waɗanda suka zauna ajinsa za su ƙaryata ni. Maki a hannunsa sai ka yi gumi. Amma shekarar da zan yi bak, jarrabawar gama lise, da babana ya kwanta asibiti, kullum da yamma sai ya biyo gidanmu a tsohon babur ɗinsa, ya maimaita min darasin da na rasa. Ko ruwa ba ya tsayawa sha.

Kowace Asabar yakan zo da igiyoyin leda, ya ƙulla, ya narkar da bakin biyu da ashana ya haɗe su. Mai igiya na kasuwa har ya gaji ya ce, "Mushe, in ɓata su za ka yi, ka bar min kayana."

Sai ya ɗaga ƙulli biyu ya tambaye mu, ɗaya ne aka murɗa, ko kowane da kansa? Ba a yanka, ba a kwance. Mu yi ta juyi, ana tufka ana warwara, shi yana gefe yana shan shayinsa.

A nan na fara abin da nake yin digirin dakta a kansa yanzu. Aikina kan kitso ne: silin zare suna haye juna, da yadda ake haɗa wani kitso da wani kamar lambobi. Innata har yau tana cewa an kai ni jami'a koyon abin da maƙwabciyarmu ke yi a ƙofar ɗaki.

Haɗuwarmu ta ƙarshe hutun da ya wuce ne, a ƙofar gidansa. Ya ce, "Hadiza, ina masu wannan ilimi suka dosa yanzu?"

Na gaya masa abin da na sani. Duniya mai fuska uku, tsawo da faɗi da zurfi, an ci ƙarfinta sosai. In aka ƙara ta huɗu, nan ne aiki yake, akwai ƙulle-ƙullen da har yau ba a san halinsu a can ba. Na ce na'ura tana taya hasashe yanzu, hujja kuwa har yanzu sai mutum ya zauna.

Ya ce, "Yarana sun ɗauka lissafi ya ƙare, amsa tana bayan littafi. Masu ƙwaƙwalwar duk likita suke so. Ki zo ki yi musu magana. Abin da aka sani aikina ne, ke ki faɗa musu abin da ba a sani ba."

Ya ce shi ma benci zai zauna, yana da tambayoyi. Muka sa rana, ita ce Asabar ɗin nan mai zuwa.

Ɗazu shugaban lise ya kira ni ya yi min gaisuwa, ya ce ko a soke darasin. Na ce a bar shi yadda yake. Gaskiya ina jin tsoro, ban taɓa tsayawa gaban ajinsa ba, kuma ban san ko yaran za su zo tunda mai tilasta musu ba ya nan.

Na riga na yanki tikitin kar, motar da za ta kai ni Gure. Ko mutum biyu na tarar, zan yi.

Iyayen 'yan tarminal, ajin ƙarshe na lise ɗin Gure, don Allah ku turo su.

Allah ya jiƙan Mushe Bukar, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya sa shi a addu'a.