Tambayar da Baffa Ya Bar Mini

Jiya 'yata ta dawo makaranta da kalmar Turanci, derive, tana son fassara. Na ce mata samo asali ne, kuma an ce tushen kalmar janyo ruwa ne daga rafi. Sai Baffa, wan mahaifina, ya faɗo mini a rai.

Ba a kai masa labari haka kawai. Na taɓa samunsa kan buzu a zaurensa na unguwar Runjin Sambo, yana ɓara jan goro, na ce gero ya yi tsada. Ya ce, "Wa yag gaya maka? Shi kuma wa yag gaya mai?" Bai bar ni ba sai da muka kai ga wanda ya gani da idonsa.

Ranar da ya rasu, ƙanena ne ya kira ni. Ko salati ban yi ba. Abin da ya fito bakina kawai shi ne, "Wa yag gaya maka?"

Ya ce, "Yaya, ni na rufe mai idanu."

Har yau kukan bai zo ba. Allah ya sanyaya makwancinsa, ya sa ya ga Aljanna da idonsa, ba a labari ba.