Sifika a gefen tabarmar Iya

"Malama, makirufo marar waya ba ya ɗaga murya shi kaɗai," in ji mai gyaran rediyo a Kiru. "Sai da amfilifaya da sifika. In haɗa miki babba?"

Na ce, "A'a, Malam. Iya Hajara ce ba ta jin karatunmu a Islamiyyar mata, kunne ya yi nauyi. So nake muryata ta iske ta, amma kada ta haura katanga."

Ya yi dariya, ya miƙo ƙaramar sifika. "Ajiye ta gefen tabarmarta."

Jiya da na rufe addu'a, Iya ce ta riga kowa cewa amin. A da sai ta ga an shafa take shafawa.

Ku ma akwai irin Iya a ajinku?