Motoci a Bangon Bilyamin

Hannun Bilyamin yana rawa tun yana saurayi, kuma bai taɓa ɓoye shi ba. Manomin auduga ne a ƙauyenmu, kusa da garin Hasahisa, sai da ya tsufa ya koyi zane da gawayi. Layinsa ya miƙe ne ranar da ya daina kallon hannunsa, ya koma kallon inda layin zai ƙare, kamar mai jan kunya a gona.

Kullum tur'a, wato magudanar ruwan da ke shayar da gonakinmu, yake zanawa a bango, gaɓoɓinta biyu suna haɗuwa can nesa. Da yaƙi ya matso, ya fara zana motoci a mahaɗar, na yau sun fi na jiya girma.

Na ce, "Yaya, kana tsorata yara."

Ya ce, "To ku kwashe su ku tafi, Rabi'atu. Ni ku bar mini gawayi."