Yaya Haruna da Hayaƙin Tsire

Duk wanda ya taɓa sayen tsire a wajen Yaya Haruna a unguwar Mansur ta Makka ya san halinsa: kana yi masa magana, shi idonsa na kan hayaƙi. In ya ga ya miƙe sama sannan ya ɗan karkata gabas, sai ya ce, "Halas, shi ke nan, gobe akwai tashi." Tashin nan kuwa na lemar shawagi ne, wadda muke hawa dutsen Hada da ita duk Asabar mu saki jiki, ba inji sai iska.

Ni ƙaninsa ne, kuma bari in faɗa muku gaskiya tunda ba ya nan balle ya yi min dariya: shekara goma sha ɗaya ina yi masa hassada, Allah Ya yafe min. Ni na yi kwas, ni ke da manhajar hasashen yanayi har uku a waya, wannan ta ƙarfin iska, waccan ta tsayin gajimare. Shi ko saƙo bai iya turawa ba. Burina ɗaya tak, in fi shi daɗewa a sama ko sau ɗaya ne.

Na taɓa nuna masa taswirar iska. Ya karɓi wayar da hannunsa duk ƙuli-ƙuli, ya jujjuya ta.

"Ita wannan ta taɓa tashi?"

"A'a."

"To ta yi min shiru."

Wata Asabar muka tashi tare. Na nufi inda waya ta ce iska mai ɗumi za ta ɗaga ni, shi kuma ya bi wata shirwa da ke kewayawa ba ta ko kaɗa fiffike. Minti goma sai ga ni tim a tsakiyar biran Hada, wani ƙato har ya gudu da gorar ruwana. Mutumin naku awa biyu cur! Da ya sauko yana naɗe igiya, ko kallona bai yi ba.

"Masu masaukin naka sun ba ka gahawa?"

Amma ranar da ta fi ƙona min rai ita ce ranar da gwiwarsa ta hana shi tashi. Na ce yau fili nawa ne, manhajoji ukun duk sun ce lafiya lau. Ya dubi wani gajimare da ya yi tsiri ta wajen Ɗa'if, gindinsa baƙi ƙirin, kawai ya ɗingiso ya zauna daram a kan lemata.

"Haba Yaya, don Allah ka tashi!"

"Irin wancan zuƙe mutum yake yi sama. In ka matsu, ɗauke ni mu tafi tare."

Kafin la'asar ƙanƙara ta sauko, iska tana ta kifar da kujerun masu shayi. Abokan tashinmu sai rungumarsa suke yi. Ni ko na gode ban ce ba har muka iso Makka.

Watan jiya, jama'a, na yi awa biyu da kwata a sama. Na sauka, na cire hular kwano, na juya har na buɗe baki zan yi gori. Babu wanda zan yi wa.

Allah Ka jiƙan Yaya Haruna, Ka haskaka kabarinsa. Na goden da na hana shi ranar nan, ya Rabbi, Ka isar masa.