Wutar da Na Kunna wa Baba a Zango

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da samun aiki a Abuja ba, ina ganin duk unguwarmu ta Tudun Ƙofa a Keffi babu wanda ya kai ni wayewa, na yi wa mahaifina wata kyauta da har yau in na tuna ta sai abinci ya fita raina.

Mahaifina manomi ne, amma abin da aka san shi da shi farauta. Tun kafin in yi wayo shi ne jagoran mafarautan yankinmu. Duk shekara in an gama kai amfanin gona gida, ciyawa ta bushe, sukan haɗu, Hausawa da Gwandara da Mada, su nufi dajin da ke bayan ƙauyen Jigwada su yi kwana uku ko huɗu. Shi ke zaɓar inda za a yada zango, shi ke cewa a bi gabas ko yamma, shi ke riƙe wuƙa in za a raba nama. Ba shi da mota, ba shi da bene, wannan jagorancin shi ne abin da yake taƙama da shi a duniya.

A shekarar ya yi fama da tari, likita ya ce ya guji sanyi. Hana shi shiga daji kuwa ba mai yiwuwa ba ne. Sai ni mai dabara na tuno wani bidiyo da na gani a waya, turawa cikin ƙanƙara suna zaune a tanti suna shan shayi da 'yar singileti. Na yi ta cigiya har na sami irin tantin wajen wani mai kayan gwanjo. In an naɗe shi bai fi matashin kai ba, yatsa biyu ma sun ɗauke shi. Yana da ɗan murhun ƙarfe mai ƙofa, da bututun hayaƙi da ake harhaɗawa ya fita ta wata kafa a saman tantin. Na kawo shi Keffi ina jin kaina kamar wanda ya sayo wa ubansa kujerar Makka.

Baba ya jujjuya shi, ya ce, "Wannan kuma riga ce ko ɗaki?"

Na ce, "Ɗaki ne, Baba. Har da murhunsa a ciki."

"Da murhu," ya maimaita. Sannan ya ce, "To, Allah Ya yi albarka."

Na ɗauki hutu a ofis na bi su, ni da rabona da daji tun ina firamare. Mun isa zango da la'asar. Baba ya ja mutum biyu suka gangara rafi duba sawun dabbobi. Sauran suka tara itace tuli guda a tsakiyar fili, suka bar shi haka nan babu wanda ya kunna. Na gani, ban tambaya ba. Hankalina yana kan bajintar da zan nuna.

Kafin ka ce me na kafa tanti, mutane suka kewaye ni suna taɓa yadin. Daga gefe kan wani dutse aminin Baba yana zaune yana kallo. Mutumin nan kwano ɗaya suke ci da mahaifina, shi ya yanka ragon sunana, mu ma Baba muke ce masa. Na cusa ƙirare a murhu, na zaro laita daga aljihu.

Ya ce, "Ɗana, kunnawa za ka yi?"

Na ce, "E, Baba, don in amininka ya dawo ya tarar da ɗumi."

Ya ce, "To, madalla."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na ƙyasta, hayaƙi ya miƙe ta bututu. Ina jiran a yaba, sai na ga mutane suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin yi. Na ce a raina hassada ce irin ta mutanen da ba su fita sun ga duniya ba.

Da Baba ya hauro daga rafi ya hango hayaƙin, sai ya tsaya cak. Amininsa ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Malam, ashe bana wuta biyu za mu yi?"

Baba ya dube ni. Ina tsaye a bakin tanti, baki har kunne. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya ya ce, "Ni na sa shi."

"To ai shi ke nan," in ji aminin. "Tunda ka ware taka, mu ma bari mu kunna tamu." Ya karɓi ashana ya kunna tulin itacen da hannunsa.

Baba ya sunkuya ya shiga tanti ya zauna. Ya ce, "Akwai ɗumi kam." Ni kuwa na durƙusa ina nuna masa yadda ake rage iska da yadda ake ƙarawa, kamar dillalin kamfanin.

Da gari ya waye babu wanda ya zo ya tambaye shi ina za a bi. Aminin ne ya raba mutane, ya ce wa masu karnuka su yi gaba. Da aka dawo da yamma da gada biyu da zomaye, shi ya riƙe wuƙa. Kason Baba aka naɗo a ganye aka aiko masa har ƙofar tanti, yadda ake yi wa baƙo. Wani dattijo Bamade ne ya kawo. Na bi shi na tare, na ce don Allah ya faɗa mini abin da ke faruwa.

Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai ɗan boko, da gaske ba ka sani ba? Wutar zango ɗaya ce. Jagora ke kunna ta. Kowa yana son wuta, can zai je ya ɗebo. Wanda ya kunna tasa daban, ya ce ke nan ba ya tare da mutane. In jagora ne ya yi haka, to ya ajiye jagoranci."

Na ce, "To murhun fa? Ba shi da lafiya!"

"Wa ya hana ka murhu? Da ka jira babanka ya kunna babbar, ka ɗebo garwashi a marfin tukunya ka zuba a naka, ko tari ba mai yi maka."

Na juya na dubi tsakanin tantin da babbar wutar. Bai fi taku goma ba.

"Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Ya ce, "Babba yana zaune yana kallonka ya ce madalla. Ni ne zan yi magana?"

Na koma tanti, na ce wa Baba zan je in faɗa musu gaskiya, ni na kunna, bai san komai ba. Ya riƙe mini hannu, ya ce, "Zauna. In ka faɗa, cewa za su yi ɗan jagora ya yi gemu bai san wutar zango ba. Wannan ya fi mini ciwo. Ni na tura ka makaranta, ni ne ban koya maka ba." Bai ƙara tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Shekarar da ta biyo, ta ƙofar gidanmu mafarautan suka wuce a kan babura, bindigogi a rataye. Baba yana zaune a dakali ya ɗaga musu hannu, ya ce Allah Ya ba da sa'a. Da suka dawo aminin ya aiko da cinya guda. Baba ya yi godiya, ya sa aka raba wa maƙwabta.

Mutane suna cewa in an daɗe zuciya takan huce. Tawa dai ba ta huce ba. Ina jin haushin kaina, domin na san yadda bature ke ɗumama tanti a ƙasar da ban taɓa zuwa ba, amma ban san yadda ubana ke kunna wuta a bayan garinmu ba, kuma girman kai bai bar ni na tambaya ba. Sai dai ni jahilci ne ya ja ni. Aminin Baba kuwa ya sani sarai. Kalma ɗaya ta ishe shi, "dakata", ya riƙe ta saboda yana son wuƙar rabo. Yana nan da ransa. Ranar Juma'a nakan gan shi, in rusuna in gaishe shi, ya dafa kaina ya ce, "Allah Ya jiƙan aminina." Tun daga kansa na daina sakin jiki da madallar manya.

Tarin Baba ya warke sarai, ya ƙara shekara huɗu bai sake kwana a daji ba. Mahaifiyata ba ta san abin da ya faru a zangon ba, kuma ba ni da niyyar gaya mata. Abin da ta sani kawai, na bi shi sau ɗaya, daga nan ya zauna a gida. Har gobe in na je gaishe ta sai ta faɗa wa duk wanda ke wurin, "Wannan ne ya raba babansu da dajin nan. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka masu yi maka yadda ka yi masa."

Kowa ya ce amin. Ni kaɗai nake kasa amsawa.