Tambayar da Ban Yi wa Malam Ashiru Ba

Shekara shida ke nan da muka binne Malam Ashiru a nan Riyadh, ba tare da ɗan'uwansa ko ɗaya a bayan gawar ba. Ɗakinmu ɗaya a unguwar Badi'a. Ni ina tuƙa motar kamfani, shi kuma yana tuƙa wani injiniyan tarho ɗan ƙasar Suwidin a unguwar Ulaya. Kafin ya zo, malamin firamare ne a Malumfashi.

A shekararsa ta biyu wasiƙa ta zo cewa 'yarsa Rabi ta rasu tana da shekara biyar. Kafin wasiƙar ta iso hannunsa har an yi sadakar arba'in. Muka yi masa gaisuwa kwana uku, muka ba shi haƙuri, kowa ya koma bakin aikinsa.

Matar injiniyan ce ta ba shi wani littafin ƙasarsu da aka juya zuwa Turanci, labarin wani masunci da ɗansa ya rasu, kullum yana fargabar kada ya manta muryar yaron. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Ashiru kan fassara mana shafi biyu ko uku. Abin bai yi mini ba. Na ce, "Malam, mutanen da ba su san zaman makoki irin namu ba, me za su koya maka?"

Ya ce, "Garba, kun ce in yi haƙuri, na kuma yi. Amma babu wanda ya tambaye ni wace irin yarinya ce."

Ko a ranar ban tambaye shi ba, nauyi ya hana ni. Bayan wata huɗu ya faɗi yana wanke mota, bai tashi ba.

Yanzu waya ta yawaita, labarin rasuwa kan iso mana tun kafin a dawo daga maƙabarta. Da yana nan, ina jin zai ce labarin ne kawai ya ƙara sauri, mu dai har yau haƙuri muke bayarwa mu watse.

Ashiru bai mutu ya bar gida ba, bai bar gona ba. Bara da na je hutu na nemi matarsa Talatu a Malumfashi. Bayan mun gaisa na ce, "Don Allah, wace irin yarinya ce Rabi?" Da ta fara magana ba ta tsaya ba sai da aka kira la'asar.

Allah ya jiƙansu duka biyun, uba da 'ya.